Sakan Goma Sha Ɗaya da Kuka Yanke

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Tace Hoto,
Kamfanin Fina-finai na Zakara Mai Tabarau,
ma'abocin almakashi mai kaifi, wanda idan ya ce mutum ya fita daga fim, ko uban jarumi ne sai ya fita.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin mai sana'a yake yi wa babba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kwamfutocinka masu albarka, ina neman izinin in gabatar da kaina. Ni mai gyaran agogo ne. Shekara talatin da takwas ke nan ina zaune a shago ɗaya, a kan kujera ɗaya, da gilashi maƙale a idon dama. Ban yi karatun fim ba, ban taɓa riƙe kyamara ba. Amma fina-finanku arba'in da ɗaya babu wanda ban kalla ba, yawancinsu tare da maƙwabcina mai aski, a 'yar talabijin ɗin da ke saman firjinsa, lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Sai dai sana'a ta ɓata mini ido. Wani in yana kallon fim fuskar jaruma yake kallo, ni kuwa bango nake kallo da wuyan hannun mutane.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. A watan jiya kun fitar da sabon kwafin tsohon fim ɗinku na soyayya, wanda kuka ɗauka a layinmu shekara tara da suka wuce, kuka rubuta a farkonsa da manyan baƙaƙe cewa an gyara duk kurakuran da ke ciki. Na kalla daga farko har ƙarshe. Kuskure ɗaya tak kuka cire, sakan goma sha ɗaya ne tsawonsa, kuma wannan kuskuren matata ce, Allah ya jiƙanta. Zan zo kan maganarta. Amma tunda kun ɗaura ɗamarar tsarkake fina-finanku daga kuskure, na ga bai kamata in zura muku ido kuna wahala ku kaɗai ba, alhali ina da 'yan abubuwan da na lura da su.

Na ɗaya. Ina jinjina wa ɗan wasan da ya fi kowa aiki a kamfaninku, wanda ba a taɓa rubuta sunansa a ƙarshen fim ba. Ina nufin agogon bangon nan mai jikin katako, mai tsaga a gilashinsa ta ƙasa, gefen hagu. Na gan shi a falon attajiri. Na gan shi a ofishin 'yan sanda, da ɗakin tiyata, da kotu, da ɗakin wata bazawara mai haya. Fim ashirin da shida ya fito, kuma a kowanne ƙarfe huɗu da minti ashirin yake nunawa. Ana karin kumallo, huɗu da ashirin. Alƙali ya ce a dawo gobe da ƙarfe tara na safe, aka dawo, huɗu da ashirin. Ranka ya daɗe, wace ƙasa ce wannan da la'asar ba ta wucewa? Duk da haka ba na so a taɓa shi. Shi kaɗai ne a cikin 'yan wasanku bai taɓa zare ido ba, bai taɓa dafe ƙirji ba, bai taɓa satar kallon kyamara ba.

Na biyu. Fim ɗin mutumin da ya yi doguwar suma shekara bakwai a asibiti. Mun yi murna da ya farka. Sai dai ya farka da gyaran fuska wanda bai wuce na jiya ba, layin gemu a miƙe tsaf. Mai aski ya ajiye almakashinsa ya matsa kusa da talabijin, ya ce, "Wallahi in na san wanda yake shiga asibitin nan yana yi masa aski, zan je in koyi aiki a wurinsa." Agogon hannunsa kuma, irin wanda ake murɗa wa kai kullum ne, in ya kwana biyu ba a murɗa ba sai ya tsaya. Shekara bakwai yana kwance, agogo na tafiya. Ko dai ma'aikatan jinyar nan sun fi kula da agogon a kan majinyacin?

Amma kada a ce ban da adalci. Dattijuwar da ta fito a uwarsa ta yi abin da ba zan manta ba. Akwai wurin da ta zauna a bakin gadon tana linke rigarsa, ta warware, ta sake linkewa. Na ji wannan har cikin ƙirjina. Sai ku kuma kuka ji tsoron kada mu kasa gane baƙin ciki ne, kuka sako mana wani kiɗa mai kuwwa har firjin mai aski yana rawa. Matar nan ta riga ta gama aikin, ba ta bukatar taimakonku.

Na uku. Fim ɗin bam. Mugu ya ɗaure jaruma a kujera, ya kunna bam, lambobi ja suka nuna sakan talatin. Ni kuwa da agogon awo a aljihu, sai na danna. A cikin sakan talatin ɗin nan jarumi ya samu labari, ya nemi makullin mota, ya yi sallama da mahaifiyarsa, ta sa masa albarka a tsanake, ya tuna ranar da ya fara ganin jarumar, aka yi waƙa sukutum a bakin ruwa da canjin kaya sau huɗu, ya daki mutum goma sha biyu, sannan ya tsinke waya saura sakan ɗaya. Minti goma sha tara da sakan arba'in na auna. Ina roƙon a haɗa ni da wanda ya ƙera bam ɗin nan. Ina da kwastomomi da yawa, musamman ma'aikatan gwamnati, da za su so agogo mai irin wannan haƙuri.

Na huɗu. Fim ɗin zamanin da, na mafarautan da suka rayu shekara ɗari uku da suka wuce. An kashe ƙoƙari a kan fatu da kwari da baka, ban raina ba. Amma a tsakiyar jawabin shugaban mafarauta, na uku daga hagu, mai riƙe da mashi, agogon roba na hannunsa ya yi ƙara: tit, tit. Ya sa ɗaya hannun ya rufe, kamar mai ɓoye ƙurji. Wannan yana nan a fim ɗin har gobe. Na duba.

Na biyar, wannan kuma yabo ne zalla, don haka a gyara zama. Fim ɗin tsohon direban da aka karɓe wa mota saboda idonsa ya yi rauni, ya riƙa zuwa tasha kullum yana goge gilashin motocin wasu ba wanda ya sa shi. Na ji an ce fim ɗin bai yi kasuwa ba, wai ba faɗa, ba waƙa, ba wanda ya mutu. Shi ne mafi kyawun abin da kuka taɓa yi. Mai aski ya yi barci a rabinsa, ni na kalla sau shida. Ba a yi wa kowa wa'azi a ƙarshe ba, kuma inuwar da ke ƙasa ta yi daidai da lokacin da aka ce ana ciki. Wanda ya shirya shi ya san yadda tsoho yake zama a inda ba a bukatarsa. Ina ya tafi? Me ya sa tun daga nan ba ku sake ba shi aiki ba, kuka koma wa masu bam?

Na shida. Talakan fina-finanku. Na ga birkila da ya kwana biyu bai ci abinci ba, yana kuka a gindin bango, da agogo a hannunsa irin wanda sau biyu kacal na taɓa riƙewa a duk zamana na shago, kuma duka biyun mai shi yana tsaye a kaina bai ƙifta ido ba. Na fahimci cewa jarumin ba ya yarda ya cire, don kada a manta ko shi wane ne. To ai ba mu manta ba, ranka ya daɗe. Birkilan ne muka manta.

Na bakwai, kuma a nan ne zan roƙi a rage sanyin ofis a saurare ni.

Ranar da kuka zo layinmu, kun tare hanya da igiya tun hantsi. Labarin ya kai inda aka harbi jarumi, ya faɗi daidai ƙofar shagona, da jan ruwa a farar rigarsa, jaruma na durƙushe a kansa, yana yi mata kalaman bankwana. Ni ina ciki ina leƙe ta taga. A ranar na manta tabarauna a gida, sai matata ta biyo ni da shi.

Ya kamata ka san halinta. Mace ce da ba ta taɓa kewaye abu ba a rayuwarta. Idan ta nufi wuri, to ta nufe shi, ko kwata ce a gaba ko taron jama'a. Tafiyarta da sauri, hannun hagu na lilo, takalmin ƙafar dama na yin ƙara fiye da na hagu, har ina gane zuwanta tun daga kwana. Ta iso, ta ɗaga igiyarku ta sunkuya ta shige, wani mai hular kwano yana yi mata ihu ba ta ko waiwaya ba. Ta taka har tsakiyar wurin. Sai ta ga mutum kwance. Ta tsaya, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai ɗan nan, tashi mana, ba ka ga rigarka fara ce ba?" Ta girgiza kai, ta tsallake ƙafarsa, ta shigo shago ta dire mini tabarau a kan tebur.

Darakta ya so a sake ɗauka. Amma rana ta yi ƙasa, jarumi kuma ya rantse ba zai sake kwanciya a wurin ba saboda cinnaku. Haka aka bar ta a ciki. Da fim ya fito, babu inda mutane suka fi dariya kamar nan. Yaran layi suka mayar da ita abin gaisuwa, in ta wuce su ce, "Mama, rigarka fara ce." Ta yi fushi da ni mako guda, kamar ni na gayyato ku. Abin da take cewa kawai shi ne, "Ni ban ga wani fim ba, ɗan mutane na gani yana ɓata wankin uwarsa."

Ina tambaya cikin ladabi: a duk awa biyu da kwata na fim ɗin nan, wa ya faɗi magana ta gaskiya in ba ita ba? Jarumi ya ɗauki minti shida yana mutuwa, yana tari yana dawowa, har ya gyara kwanciya sau biyu. Jaruma ta yi kuka ba ɗigon hawaye. Mutum ɗaya ce ta shigo ta ga abu ta yi abin da ɗan adam zai yi. Ita kuka kira kuskure, kuka bar tarin.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Hotunanta uku ne a gidan, kuma a dukkansu ta ƙame kamar mai jiran allura, don ba ta son hoto. Ba ita ce a jikinsu ba. Ita tana cikin sakan goma sha ɗayan nan, tana tafiya, tana faɗa. Ina da faifan fim ɗin na asali, amma na yi ta mayar da wurin baya har faifan ya gaji. Yanzu da ta ɗaga igiya sai hoton ya tsaya, ya farfashe, ya yi tsalle zuwa jana'izar jarumi. Laifina ne, na yarda. Ni da nake yi wa mutane faɗa a kan yawan murɗa agogo, ni na cinye nawa.

Ina da jika mace, 'yar babbar 'yata, shekararta biyar. Tsalle muke ce mata, don ba ta iya tsayawa wuri ɗaya. Tana goye kakarta ta rasu, ba ta san ta ba. Uwarta kullum tana ce mata tafiyar kakarta ta ɗauko, har yarinyar ta matsa sai ta gani da idonta. Da muka ji kun fitar da sabon kwafi mai hoto tangaram, 'yata ta sauko da shi a waya ta haɗa da talabijin. Ranar hutu ce, da rana. Aka share falo, mai aski ya rufe shago ya zo, aka zaunar da Tsalle a gaba, aka yi mata alƙawarin cewa da an harbi mai farar riga ta buɗe ido sosai. Aka harbe shi. Ya faɗi, ya yi tari, ya mutu lami lafiya, babu wanda ya katse shi. Yarinya ta juyo ta ce, "Kaka, ina take? Ko ta makara?"

Ranka ya daɗe, matar nan ba ta taɓa makara ba a shekara talatin da huɗu da muka yi tare. Na ji ciwon abin ƙwarai.

Na je ofishinku sau biyu. Sakatariyarku, mace mai kirki da murmushi, ta ce kana mitin. Zuwa na biyu ma kana mitin, na ɗauka shi ne dai na farkon, tunda na san yadda lokaci yake tafiya a wurinku. Ita ce ta raɗa mini cewa tsofaffin kasusuwan bidiyon da aka ɗauki fim ɗin a kansu suna cikin sito, kuma ƙarshen watan nan za ku tashi zuwa sabon gini, duk abin da ke sito za a kwashe a zubar. Yau sha takwas ga wata. Wannan ne ya sa na rubuto ta jarida, ko Allah zai sa a shigar maka da ita cikin mitin.

Na takwas, wanda ba ƙorafi ba ne, rahoton aiki ne. Mako biyu da suka wuce, mai kula da kayan wasanku ya shigo shagona da wani abu naɗe a tsumma. Ya ce sabon darakta yana so a tayar da shi, don a fim mai zuwa ana so a ga hannunsa yana motsi. Na warware tsumma, sai ga tsagar nan ta ƙasa, gefen hagu. Sai da na miƙe tsaye don girmamawa. Mutumin bai san ni ba, ni ma ban gabatar da kaina ba.

Na buɗe shi. Na fitar da mataccen kyankyaso guda da ƙura ta shekara ashirin, na miƙar da haƙori ɗaya da ya lanƙwashe, na sa mai. Ina farin cikin sanar da kai cewa a karo na farko a tarihin kamfaninku, ƙarfe huɗu da minti ashirin da ɗaya ta yi. Sai dai an samu 'yar matsala. Agogon yana rasa sakan goma sha ɗaya kowace rana. Ba goma ba, ba sha biyu ba. Ba zan rantse cewa na rasa dalili ba, don ni mutum ne mai tsoron Allah, amma dai na duba inda ya kamata in duba. Kuma ƙa'idar shagona ce, ba na sallamar aikin da bai cika ba. Mutuminku ya zo sau uku, na ba shi kujera da ruwan sanyi, na ce ya dawo. A iya sanina na sana'a, irin wannan ciwon yakan warke ne idan aka lalubo abin da ya ɓata a inda aka ajiye shi, misali a sito.

Ban nemi a mayar da ita cikin fim ɗin ba. Ku bar jaruminku ya mutu cikin natsuwa, ya cancanta. Sakan goma sha ɗayan kawai nake so, a zuba mini a waya ko a faifai, ko a bar ni in zo da jikata mu tsaya a bakin ƙofa mu kalla sau ɗaya a kwamfutarka, ba za mu taɓa komai ba. Idan kuwa kun riga kun zubar, a aiko mutum ya faɗa mini da baki, kada a rubuto takarda. Zan ba shi agogonku yana tafiya daidai, don ni ba ɓarawo ba ne.

Kafin in rufe, akwai afuwar da nake nema daga 'yan wasanku, duk waɗanda na ambata, har da mai tarin. A ranar nan da muka kashe talabijin, Tsalle ta ce to ni in nuna mata yadda kakarta take tafiya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na sa takalmin marigayiya, na tsaya a bakin ƙofar falo, mai aski ya kwanta a kan darduma ya zama jarumi. Na lila hannun hagu, na buga ƙafar dama, na taho. Yarinya ta yi ta dariya har da faɗuwa. Na duba wajen 'yata don ta ce na yi daidai, sai na ga ta tashi ta shige kicin. Na sake gwadawa sau uku. Shekara talatin da huɗu ina kallon tafiyar nan tana nufo shagona, na kasa yin sakan ɗaya nata. Ashe aikinku da wuya. Shi ya sa nake roƙo a wurinku, don ku kaɗai kuke da ita.

Ina yi maka addu'ar Allah ya ƙara wa almakashinka kaifi, ya kuma ƙara wa hannun da ke riƙe da shi tausayi, ya fito da kai daga mitin lafiya kafin talatin ga wata.

Naka mai biyayya har ƙasa, mai jiran umarninka da agogonka a hannu,

Mai Gyaran Agogo,
shagon da jaruminku ya mutu a ƙofarsa,
kusa da mai aski.